Tauraro ya cafki hannun 'yata: in rabu da shi ko in riƙe amana?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Wata uku ke nan da yayata ta bar mini karenta, saboda aiki ya mayar da ita wata ƙasa kuma ba ta samu damar tafiya da shi ba. Ɗan ƙaramin kare ne irin wanda ake kira Fomeraniyan, shekararsa biyu, sunansa Tauraro. A wajenta kullum yana kan cinya ko a hannu. Tun da ya zo gidanmu ba mu huta ba: a ƙwanƙwasa ƙofa haushi, mota ta tsaya haushi. In na fita da shi yana jan igiya har ya kama wani tari mai ƙara kamar kukan agwagwa, wani lokaci kuma ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi 'yan taku sannan ya sauke. Abin da ya fi tayar mini da hankali, makon jiya 'yata mai shekara huɗu ta sungume shi yana barci, ya yi gurnani ya cafki hannunta. Bai huda ba, shatin haƙori ne kawai, amma maigidana ya ce a fitar da shi. Ɗana mai shekara goma kuwa ya shaƙu da shi, ni ma na yi wa yayata alkawarin riƙe mata amana. Ina kuma so in aske masa gashin nan saboda zafi da yadda yake zuba a kujeru. Shin mugun kare ne?

Maman yara biyu

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da fargaba, Allah ya kiyaye gaba, ya kuma cire wa yarinyar tsoron abin da ya faru.

Daga abin da kika bayyana, ban ga mugun kare ba. Na ga karen da aka fizgo daga barci, aka ɗaga shi sama ba shiri, a gidan da bai gama sabawa da shi ba, kuma mai yiwuwa akwai ciwo a jikinsa. Ya yi gurnani tukuna, sannan ya kama hannu ya saki ba tare da ya huda fata ba. Kare ya san ƙarfin haƙorinsa sarai, kuma da ya yi nufin rauni da ya yi, don ko ɗan ƙarami irin naki yana iya tsaga fatar yaro. Wannan ba ya nufin a yi sakaci da maganar. Maigidanki yana da gaskiya da ya firgita, kuma in ba a canza yadda ake mu'amala da karen ba, na biyu zai iya fin na farko. Amma gyaran yana hannunku, kuma yawancinsa ba mai wuya ba ne.

Tun da an zo maganar cizo, ki riƙe wannan ko don gaba: duk ranar da haƙorin kare ya huda fatar wani, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a je asibiti a ranar, komai ƙanƙantar raunin. Ki kuma nemi yayarki ta turo miki takardar rigakafin Tauraro, ki tabbatar allurar ciwon haukan kare ba ta wuce lokacinta ba. In takardar ta ɓata, likitan dabbobi zai sake masa.

Yanzu ki san wanda kike zaune da shi. Fomeraniyan ya samo sunansa ne daga yankin Fomeraniya da ke gaɓar tekun Baltik, wanda a yau ya rabu tsakanin arewacin Foland da arewa maso gabashin Jamus. Dangin karnukan ƙasashen sanyi ne masu tsinin baki, da kunnuwa a tsaye, da jela a naɗe bisa baya, kuma kakanninsa manya ne, an san su da gadin gida da gona. Daga baya ne masu kiwo suka yi ta zaɓen ƙananan cikinsu suna haɗawa. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta samo wani ɗan ƙarami a birnin Fulorens na Italiya a 1888, sha'awar da ta nuna masa ta sa jama'a suka koma neman ƙanana, har aka kai ga girman da kike gani yanzu, wato tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa kilo uku ko sama da haka kaɗan. Jikin ne aka rage. Kunnen mai gadi da zuciyar mai gadi suna nan yadda suke. Shi ya sa mota ba za ta tsaya a ƙofarki ya yi shiru ba: a ganinsa aikinsa yake yi, yana sanar da mutanen gida cewa ga wani abu.

Karnukan nan suna da kaifin basira, suna saurin koyo, suna da rawar kai da son a kula su, kuma ba su san su ƙanana ba ne, don za ki ga ɗaya ya tunkari karen da ya ninka shi sau goma. Sukan rayu shekara 12 zuwa 16, ke nan Tauraro yanzu ya fara. Matsalar da suka fi faɗawa ciki daga mutane take zuwa. Saboda kyan gashinsu da rashin nauyinsu, sai a mayar da su 'yar tsana: a ɗauka lokacin da aka ga dama, a rungume, a sumbata, ba a fita da su yawo, ba a koya musu komai. Babban kare in ya yi gurnani kowa ja da baya yake yi. Ƙarami in ya yi, dariya ake yi a ci gaba da abin da ake yi masa. A hankali sai ya gane cewa kau da kai ba ya aiki, gurnani ma ba ya aiki, abin da ake ji kawai shi ne haƙori. Ina kyautata zaton yayarki ta so shi matuƙa, amma rayuwar cinya da hannu ba ta koya masa zama da ƙaramar yarinya ba.

Don haka abu na farko, kuma ina roƙonki ki riƙe shi da kyau: kada a dake shi ko a daka masa tsawa don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma gargaɗin nan shi ke ba ki damar shiga tsakani. Karen da aka hora ya daina gurnani bai daina jin tsoro ba, ya dai daina nunawa, sai wata rana ya kai cizo ba sanarwa. In kin ji gurnani, ki janye yarinyar cikin natsuwa, sannan ki duba me ya jawo. Kafin gurnanin ma akwai alamun da za ki koyi gani: lasar baki ba abinci a kusa, hamma ba barci ba, juya fuska gefe har farin ido ya bayyana, kwantar da kunnuwa, da sandarewar jiki. Wannan na ƙarshe shi ne mafi kusa da cizo. Ki nuna wa ɗanki babba alamun nan, yaro mai shekara goma zai kama su da wuri, kuma zai zame miki ido.

Ga 'yar ƙaramar, dokoki uku sun isa, a maimaita mata su kullum da fara'a: ba a taɓa Tauraro in yana barci, ba a zuwa kusa da shi in yana cin abinci, kuma ba a ɗaukarsa. In tana son wasa da shi, ta zauna a ƙasa ta kira shi. In ya zo, ta shafa ƙirjinsa ko gefen jikinsa kaɗan ta tsaya. In ya matso yana neman ƙari, ta ci gaba, in ya tafi ta ƙyale shi. Hana ɗaukar nan kariya ce ga su biyun, domin ƙasusuwan ƙafafun gaba na irin waɗannan karnuka sirara ne ƙwarai, faɗowa daga hannun yaro ko tsalle daga kujera mai tsayi na iya karya su. Amma yarinya mai shekara huɗu ba a dogara da alkawarinta, ko da ta haddace dokar. Duk lokacin da ba babba a ɗakin, su kasance a rabe, ƙofa a tsakaninsu ko ɗan shinge. Ki kuma ware masa wajen kwanciya a wani lungu da ba mai bi, wanda kowa a gidan ya san in ya shiga ba a binsa.

Ku manya ma ku rage ɗaukarsa. In ya zama dole, ki kira sunansa ya gan ki, ki faɗi wata kalma ɗaya da kika zaɓa don ya san abin da ke tafe, ki sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji ɗaya kuma ya tallafi ƙugunsa. Ba a ɗaga shi ta hammata ƙafafu na lilo.

Kafin kowane horo dai, ki kai shi wajen likitan dabbobi a makon nan, saboda abubuwa biyu da kika ambata a tsakiyar wasiƙarki sun fi damuna fiye da haushin. Tarin da yake yi in ya ja igiya ya yi kama da wata lalura da ta yi yawa a ƙananan karnuka. Bututun iskar maƙogwaro yana da zobba na guringuntsi da ke riƙe shi a buɗe. A wasu karnukan zobban kan yi laushi, bututun ya riƙa lotsawa yayin numfashi, sai tarin nan mai ƙara ya taso, musamman in kare ya yi zumuɗi, ko ya sha zafi, ko abin wuya ya matse shi. Ba na yanke hukunci daga wasiƙa, domin ciwon zuciya da mura mai yaɗuwa tsakanin karnuka ma suna sa tari. Ki ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da tarin ya kama shi ki nuna wa likita, don sau da yawa kare na shiga ɗakin gwaji sai tarin ya ɗauke. Tun daga yau ki daina ɗaura igiya a abin wuyansa, ki samo ɗamarar da ke zagaye ƙirji da kafaɗu, igiyar ta kama ta baya. Ki nisanta shi da hayaƙin taba da turaren feshi. In kuwa wata rana kika ga harshensa ya koma shuɗi-shuɗi ko yana kokawar jan numfashi, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Ɗage ƙafar bayan ma sananne ne a irinsa. Ƙoƙon gwiwa ne kan goce daga ramin da yake zaune, kare ya rataye ƙafar ya yi 'yan taku, ƙoƙon ya koma, ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Likitoci sun kasa lalurar mataki huɗu. Masu sauƙin sukan zauna lafiya in an kula da nauyin jiki aka kuma hana tsalle-tsalle daga sama, masu tsananin kuwa sai an yi aiki. Ki ga yadda wannan ya haɗu da abin da ya faru da 'yarki: karen da gwiwarsa ke ciwo, aka sungume shi ƙafafu na rataye, ba abin mamaki ba ne ya kai baki. Ki ce wa likitan ya buɗe bakinsa ma. Karen da ya gama girma haƙora 42 gare shi, kuma wannan adadin ne aka cusa a ɗan muƙamuƙin Tauraro, shi ya sa suke cunkushewa, datti ya taru, dasashi ya kumbura. Wasu ma ba sa gama famfara, sai haƙorin yarinta ya tsaya kusa da sabon. Warin baki mai ƙarfi alama ce ta ciwo. In likita ya gyara abin da ke akwai, ki saba masa da goge haƙora a hankali, kullum in zai yiwu, da man da aka yi don karnuka. Na mutane ba ya yi musu, don haɗiyewa suke yi.

Nauyin jiki yana shafar tarin da gwiwar duka. Rabin kilo a jikin kare mai kilo biyu da rabi kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyinsa, daidai da mutum mai kilo 70 ya ƙara kilo 14. Gashi kuma yana ɓoye ƙiba, don haka ki riƙa lalubawa da hannu: ya kamata ki ji haƙarƙarinsa ba tare da kin danna sosai ba. Ki auna abincinsa, ki raba sau biyu a rana, kuma ɗan abin lasawa da ake ba shi lada kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da yake ci. Ki gargaɗi yara kan abubuwan da ke cutar da kare: cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi da zabibi, da cingam marar sukari mai ɗauke da sinadarin zayilitol. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen ko farasitamol. A jiki ƙarami haka, abin da kike gani kaɗan ne ya isa ya yi ɓarna.

Sai haushi. Gaskiyar magana, ba za ki mayar da Fomeraniyan kare marar haushi ba, kuma duk wanda ya yi miki alkawarin haka kada ki saurare shi. Abin da za ki iya shi ne ki mayar da haushin minti biyar ya koma sau biyu ko uku ya tsaya. Tsawa ba ta yi, domin in kina ɗaga murya shi a ganinsa kin taya shi ne. Ɗaukarsa a lallashe shi ma ba ya yi, ya zama an biya shi ladan haushin. Ki yi haka: ki sa ɗanki ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Tauraro zai yi haushi. Ki bar shi ya yi ɗaya ko biyu, ki ce "ya isa" da murya ƙasa-ƙasa, ki kai ɗan guntun abinci kusa da hancinsa. Zai yi shiru don ya shinshina, to a cikin shirun nan za ki ba shi, kina yaba masa. Ku maimaita na 'yan mintuna kullum, kuna ƙara tsawon shirun kafin lada, daga baya ki riƙa jefa ladan a wajen kwanciyarsa har ya koyi cewa ƙwanƙwasa ƙofa na nufin ya tafi can. In yana zama bakin taga yana gadin titi, ki sauke labule ko ki kawar da kujerar da yake hawa. Abin da bai gani ba ba zai yi masa haushi ba.

Rabin haushin ma rashin aikin yi ne. Mutane na ɗauka ƙaramin kare zagayen falo ya ishe shi, alhali yana bukatar fita sau biyu a rana, minti 15 zuwa 20 kowace fita, da ƙafafunsa, kuma a bar shi ya shinshina abin da yake so, don ta hanci kare yake karanta duniya. A gida, ɗanki ya koya masa zauna, kwanta, zo nan, ko ya ɓoye ƙwayoyin abincinsa a cikin tsohon tawul ya bar shi ya nemo. Irin wannan karen yana jin daɗin koyo sosai, kuma za ki ga bambanci a natsuwarsa da yamma. A wajen yawo ki kula da manyan karnuka, shi ba zai ja da baya ba, ke ce za ki ja shi.

Aski kuwa, kada ki yi. Gashinsa hawa biyu ne: na ciki mai laushi da kauri, da na waje dogo mai ɗan tauri wanda ke kare fata daga rana. In aka aske har ƙasa, fatar na iya ƙonewa, kuma a wasu karnukan gashin ba ya dawowa yadda yake, sai ya fito tsilli-tsilli ko ya ɗauki watanni bai fito ba. Irin nan ma an san su da wata lalurar zubar gashi da ke barin fata ta yi baƙi, bai kamata a ƙara musu wata matsalar ba. Maganin zafi da na gashin kujera ɗaya ne, wato a fitar da mataccen gashin ciki. Ki taje shi sau biyu ko uku a mako, kullum ma a lokacin da yake zubarwa da yawa. Ki riƙa buɗe gashin layi-layi har ki ga fata, domin taje sama kawai yana barin na ƙasa ya dunƙule, kuma dunƙulen yana jan fata ya yi zafi. Bayan kunnuwa, hammata da bayan cinyoyi su ne wuraren da ya fi cuɗewa. Tun da yanzu ba ya son a kama shi, ki fara da minti ɗaya ko biyu, ki ba shi lada, ki ƙyale shi. Wanka sau ɗaya a wata ya wadatar, amma a busar da shi har ciki. A rage gashin da ke tsakanin tafin ƙafa da na ƙarƙashin jela, a yanke farce in kin fara jin ƙararsa a daɓe, a kuma duba kaska da ƙuma lokacin taza. Game da zafi, kare ta haki yake sanyaya jikinsa, kuma mai matsalar maƙogwaro hakin na wahalar da shi. Ki fita da shi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ruwa ya kasance a gabansa koyaushe, kuma kada a bar shi cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci ne.

Maigidanki kuwa, kada ki je masa da musu cewa ba komai. Ki ce masa ya yi gaskiya, abin ba zai sake faruwa ba, ga kuma matakan da kika ɗauka: likita, raba su in ba babba, dokokin yarinya, da horo. Ki roƙe shi wata biyu ku gwada, ki kuma sanar da yayarki duk abin da ya faru, don tana da haƙƙin sani, wataƙila ma ta gaya miki wasu halayensa da ba ki sani ba. In a cikin wannan lokaci ya sake kai wa wani baki, ko ya fara tare mutane a kan abinci ko kujera, ki nemi likita ya haɗa ki da ƙwararre kan halayyar karnuka, wanda ke aiki da lada, ba mai duka ko abin wuya mai shaƙewa ba.

In kuma kin duba tsakaninki da Allah kin ga hidimar gidanki ba za ta bar ki ki sa ido a kan yarinya da kare yadda ya kamata ba, to nema masa wani gida ba cin amana ba ne. Ku shawarta da yayarki, ku nemi gidan manya da ba ƙananan yara, ki gaya musu gaskiyar abin da ya yi da abin da likita ya gano, ki miƙa musu takardar rigakafinsa da shimfiɗarsa da abincin da ya saba ci. Ki kuma zauna da ɗanki ki yi masa bayani tun kafin ranar, ki nemi sabon gidan su yarda ya riƙa kai masa ziyara.